KINDER SCOUT: TUDUN DA AKA ƊAURE MUTANE DON SUN HAU SHI

Cikin al'adun Turawan Ingila akwai wata wadda takan ba baƙo mamaki. Ranar hutu ma'aikaci yakan tashi da asuba, ya ɗaure takalmi, ya rataya jaka, ya shiga jirgin ƙasa ya bar birni, don kawai ya je ya wuni yana tafiya a ƙasa bisa tuddai. Ba kiwo ya kai shi ba, ba farauta ba, ba kuma fatauci ko ziyarar dangi ba. Da maraice ya komo gida da laka har gwiwa, yana murna. Wanda ya saba da tafiyar ƙasa bisa tilas zai ce wannan sayen wahala ne da kuɗi. Amma mutanen can sun ɗauki abin da girma, har akwai waɗanda suka shiga gidan kaso saboda shi. A yau za mu kai ku ɗaya daga cikin waɗannan tuddai, mai suna Kinder Scout, mu ga kamanninsa, da yadda ake hawansa, da rigimar da aka yi a kansa, da kuma ciwon da ya kama ƙasarsa da maganin da ake yi mata.

INDA YAKE DA YADDA YAKE

Kinder Scout yana cikin jahar Derbyshire ta ƙasar Ingila, tsakanin manyan biranen masana'antu guda biyu: Mancesta ta wajen yamma, Shefil ta wajen gabas. Bisansa mita 636 ne daga bakin teku, kuma shi ne wuri mafi bisa a yankin da ake kira Peak District. Wannan ba wani tsawo ba ne na a zo a gani, domin ƙololuwar Bagzan ta ƙasar Abzin ta kai mita 2,022, watau ta ninka shi fiye da sau uku. Sunansa ya fito ne ta wajen siffarsa da tarihinsa.

Ba shi da tsini. Kansa shimfiɗaɗɗe ne, kamar faifan da aka ɗora bisa tukunya, mutum ya yi ta tafiya kilomita da yawa ba hawa ba gangara. Gefunansa kuwa duk ganuwa ce ta baƙin dutse mai kaushi, irin wanda mutanen da suke sassaƙa duwatsun niƙa da shi. Iska da ruwa da ƙanƙara sun yi dubban shekaru suna gugar waɗannan duwatsu, har wani ya yi kama da kujera, wani da turmi, wani da dabba a kwance. Akwai wani tarinsu da mutanen wurin suka sa wa suna mai ma'anar buhunan gashin tumaki, don haka suke kama daga nesa.

Abin da zai fi ba mutumen Sahel mamaki shi ne wannan: a wurinmu dausayi a kwari yake, tudu kuwa busasshe ne. A can dausayin bisa tudu yake. Ruwan saman da yake sauka a kan waɗannan tuddai yakan wuce milimita 1,500 a shekara, kamar a haɗa damina uku ta Maraɗi, ga sanyi, ga ƙarancin rana. Dutsen da ke ƙarƙashi ba ya shan ruwa da sauri, saboda haka ƙasar kullum a jiƙe take. Ciyawa da gansakuka idan suka mutu a cikin irin wannan ruwa ba sa ruɓewa sarai. Sai su yi ta taruwa, wani bisa wani, su zama baƙar laka mai laushi kamar soso. Wannan laka tana ƙaruwa da misalin milimita 1 kacal a shekara. Ke nan kaurin mita 1 aikin shekara 1,000 ne, alhali a wasu wurare na Kinder zurfinta ya kai mita 3 zuwa 4. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, za mu komo kansa.

Itatuwa ba sa tsayawa a can bisa. Abin da ya rufe ƙasa gajerun tsire-tsire ne da ba su wuce gwiwa ba. Akwai wanda ake kira heda, wanda yake fure a watan Agusta, gangaren tudu duka ya rine ya zama shunayya kamar an shanya turkuɗi. Akwai wata ciyawa mai farin kai, wadda a watan Yuni za ka ce gonar kaɗa ce ta fashe. A cikinsu ne wata jar makwarwa take zaune, mai tashi da ƙara daga ƙarƙashin ƙafar mutum har gabansa ya faɗi. Akwai kuma zomon dutse, wanda gashinsa yake komawa fari idan lokacin dusar ƙanƙara ya zo.

YADDA AKE HAWANSA

Mafi yawan masu hawa sukan sauka a tashar jirgin ƙasa ta ƙauyen Edale, a gindin tudun ta wajen kudu, bisa layin da ya haɗa Mancesta da Shefil. Wasu kuma sukan taso daga garin Hayfield ta wajen yamma. Daga Edale hanya takan bi ta cikin makiyayar tumaki da aka kewaye da katangun dutse, ta ƙetare wata ƴar gada ta zamanin fatake masu dawakin kaya, sa'an nan ta miƙe sama bisa matakan dutse da ake kira Tsanin Yakubu. A nan ne numfashi yake gajarta, gwiwa ta fara magana. Daga ƙauyen zuwa bisa, hawan bai fi misalin mita 400 ba, amma sannu a hankali ake yinsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Da an fito sarari sai a tarar da wani ginshiƙi na masu awon ƙasa a wurin da ake kira Kinder Low, mita 633. Daga nan sai a bi bakin ganuwa ta yamma a nufi arewa, har a isa inda ƙoramar Kinder take faɗowa daga bisa dutse, faɗuwar mita 30, wadda babu kamarta a duk yankin. Da bazararsu ruwan ɗan kaɗan ne. Amma idan an sha ruwan sama kuma iska mai ƙarfi ta taso daga yamma, sai ta tare ruwan a bakin dutse ta mai da shi sama, ya tashi kamar hayaƙi, ana hangensa daga nesa. Idan ɗari ya tsananta kuwa ruwan yakan daskare, masu gwanintar hawa su zo da gatura da igiyoyi su hau ƙanƙarar.

Ranar da sama ta washe, wanda ya tsaya a wannan baki yana ganin tabkin da aka gina a gindin tudun a farkon ƙarni na 20 don shayar da birnin Stockport, yana ganin Mancesta shimfiɗe da dogayen gine-ginenta, har ma yakan hangi duwatsun arewacin ƙasar Wales can ƙarshen gani. Babu ƙarar mota, sai ta iska da kukan tsuntsu. Wanda ya yi kwana shida cikin ƙarar injin da ƙurar masaƙa, shi ya san abin da wannan shiru yake nufi.

Sai dai kyaun wurin yana tare da haɗari. Tsakiyar faifan duk ramuka ne masu karkace-karkace da ruwa ya yanka cikin laka, wasu sun fi tsayin mutum, kuma duk kamarsu ɗaya. Hazo yakan sauko cikin ƴan mintoci, mutum ya kasa ganin abokinsa da ke gabansa. Wanda ba shi da taswira da kamfas yakan yi ta kewaya wuri ɗaya har dare ya same shi. Sanyi tare da jiƙewa kuwa yana kashe mutum ko babu dusar ƙanƙara. A watan Maris na 1964 samari uku ƴan sikawut suka rasu a kan tuddan da ke maƙwabtaka da Kinder, a cikin wata gasar doguwar tafiya da mummunan yanayi ya rutsa da ita. Wannan rashi ne ya sa a shekarar aka haɗa ƙungiyoyin ceto na yankin ƙarƙashin tsari guda. Har yanzu ƴan aikin sa kai ne suke wannan ceto, dare da rana, ba albashi. Shi ya sa mai hankali ba ya hawa sai da takalmi mai ƙarfi, da rigar ruwa, da guzuri, da fitila, kuma sai ya gaya wa wani hanyar da zai bi da lokacin da zai komo.

RANAR 24 GA AFRILU 1932

A zamanin da, talakawan ƙauyuka suna da haƙƙin kiwo da wucewa a kan yawancin irin waɗannan tuddai. Amma a ƙarni na 18 da na 19 majalisar dokokin ƙasar ta yi ta fitar da dokokin da suka mallaka wa manyan masu ƙasa filayen da jama'a suke mora tare. Kinder ma ya shiga hannunsu. Masu shi suka keɓe shi domin jar makwarwar nan, wadda suke gayyatar abokansu harbinta daga ranar 12 ga Agusta ta kowace shekara. Harbin kansa na ƴan kwanaki ne, amma tudun a rufe yake shekara duka, an zuba masu gadi da sanduna suna korar duk wanda ya taka. Ma'aikacin Mancesta yana ganin tudun daga ƙofar gidansa, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne.

An daɗe ana neman gyara ta hanyar lalama. Tun 1884 wani ɗan majalisa, James Bryce, ya gabatar da shirin dokar buɗe duwatsu ga jama'a, aka ƙi. A 1897 wata ƙungiyar kare hanyoyin ƙafa ta samu aka buɗe hanya guda da ta ratsa gefen Kinder daga Hayfield, bisa sharaɗin kada a kauce mata. Faifan kansa yana nan a haramce.

A farkon 1932, lokacin da rashin aiki ya addabi biranen arewacin Ingila, masu gadi suka kori wasu samari ƴan wata ƙungiyar wasanni ta ma'aikata daga tudun Bleaklow, maƙwabcin Kinder. Samarin suka yi shawara cewa da suna da yawa da ba a iya korarsu ba. Jagoransu wani bakanike ne ɗan shekara 20, mai suna Benny Rothman. Suka sanar a fili cewa ranar Lahadi 24 ga Afrilu za su hau Kinder da rana tsaka, ko da izini ko babu.

Ranar, mutum wajen 400 suka taru a wani tsohon wurin fasa dutse kusa da Hayfield, ƴan sanda suna biye da su. Rothman ya hau kan dutse ya yi musu jawabi, suka kama hanya suna waƙa, suka bi wani kwazazzabo mai suna William Clough. Da suka bar hanyar da aka halatta suka nufi sama, sai suka yi karo da masu gadin basaraken Devonshire. Aka ɗan yi dambe, mai gadi ɗaya ya ji rauni. Suka wuce suka sadu da wasu ƴan'uwansu da suka taso daga wajen Shefil, suka yi murna, suka juyo. A hanyar komowa ƴan sanda suka kama mutum shida.

Shiga filin wani ba laifin ɗauri ba ne a dokar Ingila ta lokacin, saboda haka da laifin tada tarzoma da duka aka kai su gaban alƙali a birnin Derby. Aka saki ɗaya, aka ɗaure biyar, daga wata 2 zuwa wata 6. Rothman ya samu wata 4.

Ya kamata a faɗi cewa manyan ƙungiyoyin masu yawon tuddai na lokacin ba su goyi bayan samarin ba. Suna ganin za su ɓata musu shawarwarin da suke yi da masu ƙasa. Amma tsananin hukuncin ya fusata jama'a ƙwarai. Bayan ƴan makonni da hawan, taron shekara-shekara na neman buɗe tuddai, wanda ake yi a mashigin Winnats, ya tara mutum wajen 10,000. Har yau masana tarihi suna muhawara a kan wanda ya fi kawo nasara, tsakanin masu haƙurin rubuta takardu da masu ƙarfin halin hawa. Abin da ya bayyana shi ne, kowane ɓangare ya ɗauki gefe guda na jinkar.

ABIN DA YA BIYO BAYA

Ba a samu biyan bukata nan da nan ba. Sai a 1949, bayan yaƙin duniya na biyu, aka yi dokar kafa gandayen ƙasa da ba jama'a damar shiga karkara. A 1951 Peak District ya zama gandun ƙasa na farko a Birtaniya, mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,400. Hukumar gandun ta shiga ƙulla yarjejeniya da masu filaye, aka fara buɗe Kinder. Ranar 24 ga Afrilu 1965 aka buɗe doguwar hanyar ƙafa mai suna Pennine Way, wadda ɗan jarida Tom Stephenson ya kawo shawararta tun 1935. Ta tashi daga Edale, ta bi ta Kinder, ta yi wajen kilomita 430 har cikin ƙasar Sikotilan. A 1982 ƙungiyar National Trust, mai riƙon wuraren tarihi da dazuzzuka amana domin jama'a, ta mallaki babban ɓangaren tudun.

A shekara ta 2000 ne majalisa ta yi dokar da ta ba kowa haƙƙin tafiya a ƙasa bisa duwatsu da dausayin tuddai da aka shata a taswira, a Ingila da Wales, ko da filin na wani ne. Daga ranar hawan zuwa wannan doka shekara 68 ke nan. Rothman ya ga wannan rana da idonsa, ya rasu a farkon 2002. A watan Afrilu na wannan shekara, wurin bikin cika shekara 70, basaraken Devonshire na lokacin, Andrew Cavendish, ya tsaya gaban jama'a a wurin fasa dutsen nan ya nemi gafara a kan abin da aka yi a zamanin kakansa. Duk da haka maganar ba ta ƙare ba, domin filayen da dokar ta buɗe ba su wuce misalin kashi 8 cikin 100 na ƙasar Ingila ba, kuma akwai masu neman a faɗaɗa.

CIWON ƘASA DA MAGANINSA

Sa'ad da ake jayayya a kan wanda zai taka tudun, tudun kansa yana mutuwa. Shekaru fiye da 100 hayaƙin gawayin masana'antun Mancesta da kewaye yana sauka a kansa tare da ruwan sama, ya sa ƙasar ta yi tsami, ya kashe gansakukar da take gina laka. Tumaki suka yi yawa, suna cinye duk abin da ya tsiro. Gobarar daji ta ƙone wasu wurare. Daga baya sawun dubban masu yawo ya ƙara nasa. Da rigar ciyawa ta yage, sai laka ta zauna tsirara: rana ta busar, iska ta kwashe, ruwa ya yanka ramuka har ya tarar da dutse. Abin da aka yi shekara 1,000 ana tarawa sai ya tafi cikin ƴan shekaru.

Hasarar ba ta tsaya a bisa tudu ba. Ƙoramun Kinder suna zuba cikin tabkunan da birane suke sha. Laka tana cike su, tana rina ruwan, kuɗin tace shi yana ƙaruwa. Tudun da ba shi da ciyawa ba ya riƙe ruwan sama, sai ya sako shi gaba ɗaya, ambaliya ta sami na kwari. Masana sun kuma nuna cewa irin wannan laka, wadda ta rufe kashi 3 cikin 100 kawai na doron ƙasa, ta adana sinadarin kabon fiye da dukan dazuzzukan duniya. Idan ta bushe sai ta sake shi cikin iska, ya ƙara ɗumamar yanayi.

A 2003 hukumar gandun, da National Trust, da kamfanonin ruwa, da wasu hukumomi suka haɗu cikin wani shiri mai suna Moors for the Future, mai mazauni a Edale. A 2009 aka sa Kinder cikin wuraren da ƙasa take karewa domin halittunsu. Aikin kuwa bi da bi ake yinsa. Aka kewaye faifan da shinge don hana tumaki shiga na wani lokaci, aka bar ƙofofi domin mutane. Jirgi mai saukar ungulu ya watsa garin farar ƙasa don rage tsami, da takin zamani, da irin ciyawa mai saurin fitowa wadda za ta riƙe laka. Aka shimfiɗa yankakken heda bisa wuraren da suka tsiraita, ya zama inuwa kuma ya zubar da iri. Aka datse ramuka da dubban ƙananan madatsai na dutse da na katako, don ruwa ya tsaya laka ta kwanta. Daga ƙarshe ma'aikata da ƴan sa kai suka bi suna dasa gansakuka da hannu, dunƙule bayan dunƙule, ita da take iya riƙe ruwan da ya ninka nauyinta har sau 20. A hanyoyin da sawu ya cinye kuwa aka jera faffaɗan duwatsu, da yawansu daga daɓen tsofaffin masaƙun da aka rushe. Watau masaƙar da hayaƙinta ya kashe tudun, daɓenta ne yau yake kare shi. Wuraren da suke baƙi ƙirin a shekarun 1980, yanzu da yawansu sun yi kore.

Manomin Adar da ya ga aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Jera duwatsu a bakin rami, da tsare fili daga dabbobi har ya warke, da rage wa ruwa gudu don ya shiga ƙasa: can ruwa ya yi yawa, nan ya yi kaɗan, amma ciwon ɗaya ne, maganin ma kusan ɗaya.

Mutanen Ingila sun yi shekara 68 kafin doka ta ba su haƙƙin taka wannan tudu, kuma za su yi fiye da haka kafin lakar da ta tafi ta komo, tun da milimita 1 take ƙaruwa a shekara. Shi ya sa ake roƙon duk mai hawa ya bi hanyar da aka shimfiɗa, ya rufe ƙofar shinge a bayansa, ya riƙe karensa lokacin da tsuntsaye suke ƙwai, kada ya hura wuta, ya kuma sauko da sharar da ya hau da ita. Wanda aka ba haƙƙin shiga wuri, an ɗora masa nauyin kiyaye shi. Allah ya ba mu ikon riƙon amanar ƙasa, a duk inda muke.